Gyalen da Ruxandra Ta Saƙa

Horia Stancu yana goge jambaki da bayan hannu lokacin da ya tura ƙofar ofishin shugabar makarantar. Daga wurin ɗaukar shiri aka kira shi, ko wanke fuska bai tsaya yi ba. Hular gashin ma a aljihun kwat ya cusa ta.

'Yarsa Ruxandra tana zaune a kan kujera kusa da taga, ta rungume jakarta. Ba ta ɗago ba.

"Malam Horia, zauna mana," in ji Madam Neagu, shugabar makarantar. "Da littafin lissafi ta kwaɗa wa wani yaro a fuska. Matei sunansa. Hancinsa ya yi jini, amma bai karye ba."

"Ruxi? Ita da ko sauro ba ta kashewa?"

"Yaran sun ce kwaikwayon Zizi yake yi mata."

Horia ya zauna. Shekara biyu ke nan yana fitowa a matsayin Zizi kowace Asabar a talabijin: yarinya 'yar shekara goma sha biyar, mai cingam a baki, mai murguɗa baki, wadda duk abin da aka faɗa mata sai ta ɗaga kafaɗa ta ce, "To, sai me?" Kafin Zizi, shekara ashirin ya yi yana fitowa a ɗan sanda ko mai gadi, ba wanda ya san sunansa. Yanzu kuwa direbobin tasi a Bukares ba sa karɓar kuɗinsa.

Madam Neagu ta ce Ruxandra za ta zauna a gida kwana uku. Ta miƙo takarda ya sa hannu. Har sun kai bakin ƙofa sai ta yi gyaran murya.

"Ka yi haƙuri, na san ba lokacinsa ba ne. Mahaifiyata ba ta wuce shirinku. Hoto ɗaya kawai?"

Ya tsaya aka ɗauka. Da ya juyo, Ruxandra ta riga ta sauka ƙasa.

A tashar bas ya cim mata. Ya sayi burodin covrig guda biyu masu zafi a tagar da ke gefe, ya miƙa mata ɗaya. Ta karɓa, ta riƙe ba ta ci ba. Wayarsa ta yi ƙara. Sorin ne, mai shirya shirin.

"Ina kake ne, budurwa? Ƙarfe huɗu za a kunna fitilu, 'yan kallo sun fara layi."

"Ina hanya."

Bas ta zo, suka sami kujera biyu a baya. Sun wuce tasha biyu kafin ya yi magana.

"Me ya ce miki?"

"Bai ce komai ba. Gyalen da na ba shi ya ɗauko daga jakarsa, ya naɗa a wuya, ya hau kan tebur yana kukan ƙarya. Duk ajin suna tafi."

"Wane gyale?"

Ta juyo ta dube shi, karon farko tun shigarsa ofis.

"Baba, kar ka raina mini hankali."

Ya sani. Asabar ɗin da ta wuce, Zizi ta saƙa wa wani yaro gyalen ulu, gefe ɗaya faffaɗa, gefe ɗaya siriri kamar wutsiyar ɓera, ta ba shi, ya ce ya gode kakarsa na son irinsu. Zizi ta kulle kanta a banɗaki tana kuka tana cin cakulan. 'Yan kallo sun yi dariya har sai da aka dakata da ɗauka. Horia ya ji labarin ne ta bayan ƙofar ɗakin Ruxandra, wata ranar Lahadi, tana gaya wa ƙawarta a waya. Yana tsaye a falo da kofin kofi a hannu, ya ji komai, ya tafi kicin ya rubuta a bayan takardar kuɗin wuta.

"Na canja launin," ya ce. "Naki kore ne."

"Ka canja launin." Ta gyaɗa kai a hankali. "Sannu da aiki."

Wata tsohuwa da ke gabansu da kwandon kabeji ta waigo, ta ƙura masa ido, fuskarta ta washe.

"Kai ne! Wallahi kai ne! Yi mana mana, ɗana, sau ɗaya."

"Ba yau ba, Mama."

"Jikata sak! Kamar a gidanmu kake kwana." Ta dubi Ruxandra. "Ke ce 'yarsa? Kin ji daɗi, kullum cikin dariya kike."

Tsohuwar ta sauka a tasha ta gaba tana ɗaga musu hannu.

Ruxandra ta gutsuri burodin, ta tauna a hankali.

"Ka tuna na ƙadangaren da Zizi ta ce za ta yi kiwo? Da na malamin tarihi mai safa kala biyu? Da ranar da ta ce ta daina cin nama amma ban da tsiran alade?"

"Na tuna. Su ne mutane suka fi so."

"Ba ɗayansu da ya faru. Ni na ƙirƙiro su."

"Ban gane ba."

"Tun bara na gane abin da kake yi. In na ce na ci jarrabawa, sai ka ce madalla, idonka a kan waya. In na faɗi wata wauta, sai ka ajiye wayar, ka ja kujera, ka ce, 'Sai kuma aka yi yaya?' Shi ya sa nake shirya maka su a hanya in na taso daga makaranta. Wani lokaci har gwadawa nake yi a madubi." Ta share riɗin da ya zubo mata a siket. "Ban damu ba. Har daɗi nake ji in na ga an yi dariya, ina cewa a raina, nawa ne wannan. Amma gyalen ba kai na ba wa ba."

Horia ya juya ya dubi taga. Ya tuna daren da suka ci abinci su uku, da mahaifiyarta Oana tana hamma bayan ta dawo daga asibiti, shi kuma yana ta dariyar ƙadangare, yana jin cewa ba uban da ya san 'yarsa kamarsa.

"Sati uku na yi ina saƙa shi," in ji Ruxandra. "Kaka ce ta koya mini ta waya."

"Ban sani ba."

"Ba ka tambaya ba. Ba abin dariya a wannan ɓangaren."

Wayar ta sake yin ƙara. Ya duba, huɗu saura kwata. Bas ta rage gudu a gaban dogon ginin gidan talabijin ɗin. Ta taga ya hango layin 'yan kallo a bakin ƙofa, wasu 'yan mata sun sa hular gashi irin ta Zizi. Ƙofofin bas suka buɗe, iska mai sanyi ta shigo.

"Ba nan za ka sauka ba?"

"Nan ne."

Ƙofofin suka rufe. Ya kife wayar a kan cinyarsa, tana ta rawa.

"Sorin zai kashe ka," ta ce.

"Zai gwada." Ya gyara zama. "Wannan jarrabawar da kika ci, ta mece ce?"

Ta daɗe tana kallonsa, kamar mai neman inda tarkon yake.

"Akwai sauran jambaki a haɓarka," ta ce. Ta zaro takardar goge hannu daga jaka, ta miƙa masa.