Kawunan Jirgi Uku

Ranar da Auta ta fara shigowa gida da rigar kamfani a jikinta, Baba Direba yana zaune yana shan shayi. Ya dubi tambarin da ke ƙirjin rigar, ya ajiye kofin shayinsa, ya ƙara wa rediyo murya.

Ƙuruciyarsa duk a kan jirgin ƙasa ta ƙare, tun layin dogo yana hannun gwamnati. Da aka sayar wa kamfani, yana cikin waɗanda aka fara sallama, kuma tun daga nan bai sake taka tasha ba. Yanzu ga 'yar autarsa, wadda ya tsaya tsayin daka har ta zama injiniya, ta rasa inda za ta kai ilimin sai wurin mutanen da suka kore shi.

"To wa kake so ya ɗauke ta?" in ji Mama. "Layin dogo nawa ne a ƙasar?"

"Ni na ce wani abu?"

"Ai shirun naka ne ya cika ɗakin."

Shekaru suka tafi. Auta ta riƙa hawa har ta zama shugabar garejin da ake gyaran kawunan jirgi. Ana nan sai mai ya yi tashin gwauron zabi, wutar lantarki ta bi bayansa. Kamfani ya ninka kuɗin tikiti, ya rufe ƙananan tashoshi. Musu ya zama abokin cin abincinsu.

"Jirgi ba shago ba ne da za a rufe don ciniki ya ragu," in ji Baba.

"Baba, a zamaninku fa jirgin safe da yamma yake isowa."

"Amma yana isowa. Kuma wanda ya fi kowa talauci a garin yana ciki."

"Yana ciki a tsaye, taga ba gilashi."

Mama kan tattara kwanuka ta bar musu wurin.

Da koke ya yi yawa, gwamnati ta sanar cewa za ta karɓe layin a ƙarshen wata. Baba ya fita har bakin titi yana gaisawa da mutanen da bai ma sani ba. Auta kuwa ta dawo gida ta wuce ɗakinta.

A makon nan manajan kamfani ya same ta a gareji, tana ƙarƙashin ɗaya daga cikin sababbin kawuna uku da aka kawo bara. Ya jira ta fito ta goge hannu.

"Injiniya, ukun nan za a kwance su. A ce sun lalace. Manyan motoci za su zo su kwashe, za mu kai su wani layinmu a ƙasar waje."

"Ranka ya daɗe, lafiyarsu ƙalau. Jiya na gwada su."

"Na sani. Ke ma akwai kujerarki a can, da gida, da mota. In kin tsaya nan me za ki samu? Gwamnati za ta zo da nata mutanen. A wurinsu ke 'yar kamfani ce."

Auta ta dubi sauran kawunan da ke jere a baya, tsofaffi masu tari, waɗanda ba sa iya jan tarago goma a hawa.

"Da waɗannan za a bar mutane?"

"Wannan damuwar gwamnati ce."

"Ƙarin kuɗin da aka yi wa fasinjoji, cewa aka yi don a sayo ukun nan ne. Ni na tsaya a tasha na yi musu bayani da bakina." Ta dube shi. "Kamfanin nan ya yi min komai, ba zan musa ba. Amma hannuna ba zai kwance su ba."

Kafin azahar aka sallame ta. Da ta fito da akwatin kayan aikinta, sai makanikan garejin suka ajiye sifanu ɗaya bayan ɗaya, suka zauna a kan benci. Ba wanda ya yi ihu. Motocin suka zo, suka yi ta jira a bakin ƙofa, suka koma babu kaya. Wata ya ƙare kawunan na nan a tsaye.

Ba Auta ce ta gaya wa Baba ba. A bakin wani tsohon abokin aikinsa ya ji. Ya shigo ya same ta a kicin tana taya Mama wanke-wanke, ya tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo.

"Gobe jirgin gwamnati zai fara tashi," ya ce. "Ƙafata tana ciwo. Ki raka ni."

Da safe ya sa mafi kyawun kayansa. Sababbin shugabanni ba su kira Auta ba, ba su ma ce za su kira ba, don haka layin tikiti ta bi kamar kowa. Tasha ta cika maƙil, da ƙyar suka samu wurin zama a tarago. Lokacin tashi ya yi, ya wuce, jirgi bai motsa ba.

Auta ta dubi agogo, ta dubi mahaifinta. "Baba, zamaninku ya dawo."

"Ke dai ki yi shiru," ya ce, yana danne dariya.

Can sai injin ya ɗauka. Ƙarar ta bi ta ƙarƙashin kujeru, mai nauyi, ba tangarɗa. Baba ya lumshe ido yana saurare, tafin hannunsa a jikin bangon tarago. Da jirgin ya kama hawan bayan gari bai ko ja numfashi ba, sai ya buɗe ido ya taɓa gwiwar wani dattijo da ke zaune a gabansu riƙe da jaka.

"Malam, ka ji kan da ke janmu? Da yanzu yana wata ƙasa. 'Yata ce ta hana. Ga ta nan."

"Baba, don Allah," in ji Auta, ta juya fuska wajen taga.

Dattijon ya gyara tabarau ya dube ta da kyau. "Madalla. Ka ga aikin gwamnati kenan. Ai su ne ke da irin waɗannan mutanen."

Baba ya dubi 'yarsa. Ya ɗan gyara zama.

"A'a," ya ce. "Kamfani ne ya koyar da ita." Ya shafa hannun kujerar, yana kallon gonakin da ke wucewa. "Ba laifi, sun iya koyarwa."