Inna Ta Zo da Kwalba

Auta na ɗakin binciken magunguna tana ɗiga sinadarin arsenik a farantin gwaji na tara sai maigadi ya ƙwanƙwasa gilashin ƙofa, ya ce wata dattijuwa na nemanta. Ta tuɓe safar hannu ta fito da sauri. Wata huɗu ke nan Yayanta yana kwance a asibiti da ciwon daji a hanji, ko wa ya yi sallama da ita sai ta zaci mugun labarin ne ya iso.

Inna ce zaune a benci, ta cire takalmi ɗaya tana matsa ƙafa. Matar da ko hawa bene ba ta so, yau ta hau mota biyu ta zo ita kaɗai.

"Inna, lafiya? Ya jikin Yaya?"

"Da sauƙi," in ji ta, yadda ake cewa ko da babu. Ta zaro wata 'yar kwalba daga jaka, an wanke ta tas har an kankare takardar jikinta. "Ɗan sam min maganin nan naku. Ko rabin cokali ne."

Auta ta san bakinta ne ya jawo mata. Bara, don kawai a daina yi mata tsiyar cewa ta yi karatu ta ƙare a wanke kwalabe, ta zauna ta yi wa 'yan gidan bayanin aikinta. Ta ce ƙwayoyin cutar daji masu haɗama ne, kuma akwai wani sinadari a cikinsu, gulutaminas, wanda ke sarrafa musu abinci. Su kuma a wurin aikinsu suna gwadawa ne su ga ko arsenik zai rage masa ƙarfi, yunwa ta kashe ƙwayoyin. Ranar Yaya har tafi ya yi mata. Ashe Inna ta adana zancen.

"Inna, guba ce fa. Abin da kike nema zai kashe mutum kafin ya kashe ciwon."

"Ba ke kika ce suna mutuwa ba?"

"A faranti suke mutuwa. Faranti ba shi da hanta, ba shi da ƙoda. Ko ɓera ba mu kai ga gwadawa ba."

Inna ta kalle ta, irin kallon da take mata tun tana ƙarama in ta ɓoye wani abu a bayanta. Wannan kallon ya fi komai yi wa Auta ciwo, domin babu abin da ta ɓoye. Da akwai, da tuni ta sato shi, a kore ta in an ga dama.

"To sai yaushe zai kai ga mutane?"

"Shekara goma. Ko fiye. In ma ya kai ke nan."

Likita wata biyu ya ce ya rage wa Yaya, kuma su biyun suna tsaye ya faɗa. Inna ta mayar da takalminta, ta dafa kafaɗar Auta ta miƙe.

"Bari in ɗauko jakata mu tafi tare," in ji Auta. "Yau ni zan zauna da shi."

"A'a, kada ki zo. Jinya muna da yawa, mu za mu yi." Ta tura ta wajen ƙofar da hannu biyu. "Ke koma ciki, 'yar nan. Ki ɗan yi sauri."