Ranar da Hausa Ta Ƙwace wa Tica

"Maman Auta, don Allah ki ara mini 'yarki. Ba na jin abin da yake faɗa."

Matar Tica ce tsaye a ƙofar ɗakina, ba takalmi, ɗankwali ya zame. Ina kan keken ɗinki, allura a bakina. Shekara shida rabon da ƙafarta ta taka gidana, alhali katanga ɗaya ce tsakaninmu, ko tari ta yi ina ji.

Na zare allurar. "Wa kenan?"

"Kin san wanda nake nufi."

Na sani. Duk layinmu an san Tica ya faɗi a banɗaki mako biyu da suka wuce, ɓarin jikinsa ya shanye. Shekaranjiya asibiti suka sallamo shi, suka ce a je a yi ta addu'a. Abin da ban sani ba shi ne wanda ta gaya mini tana haki: tun da ya farfaɗo Hausa ta ƙwace masa. Yana jin abin da aka ce, amma in ya buɗe baki Turancin da ya shekara talatin yana koyarwa ne kawai ke fitowa, shi ma guntu-guntu. Ita kuwa ko zo in kashe ki ba ta sani ba da Turanci. Ɗansu yana hanya, sai gobe zai iso.

"Tun safe yake nuna katangarku yana maimaita magana ɗaya. Na kawo ruwa ya ture, na gyara filo ya ture."

"Layin nan ba a rasa masu Turanci ba."

"Na kira mai kemis, ya kore shi da hannu. Sunan Auta yake kira."

Auta ita ce ƙaramar 'yata, ita ce kuma ɗalibar da Tica ya fi ji da ita. A jarrabawarsu ta ƙarshe shi ke tsaron aji. Ya tsinci takardar amsa a ƙarƙashin teburinta, ya rubuta sunanta, aka soke sakamakonta kaf. Karatun jinya da muka ƙwallafa rai a kai ya bi ruwa. Ta dawo gida tana kuka, ta rantse mini wata ce ta jefo takardar daga baya. A ranar na tsaya a ƙofar gidansa, gaban jama'a, na kira shi azzalumi, na ce ko gawata kada ya bi. Gilashinsa kawai ya cire ya goge.

Auta ta fito daga wajen famfo, kumfar sabulu har gwiwar hannu. Ranar hutunta ce daga kantin yadin da take tsaro. Ashe duk ta ji.

"Ba inda za ki," na ce.

"Umma, mutuwa yake yi."

"Ke ma ai ya kashe ki, binne ki ne kawai ba a yi ba."

Ta goge hannu a zaninta ta nufi ƙofa, ba ta ko kalle ni ba. Ban taɓa ganin ta ƙetare maganata ba sai ranar. Na ture keken. "To, ƙafata ƙafarki."

Ɗakin Tica warin magani da tsofaffin littattafai yake. Fanka na juyawa tana ƙara kamar za ta faɗo. Mutumin da muryarsa ke tsayar da yara tun daga bakin titi ya koma kamar tsinke a cikin zanin gado, baki ya karkace. Da ya ga Auta sai ya miƙa mata hannunsa mai lafiya. Da ya gan ni a bayanta sai ya yunƙura zai tashi.

Ya yi magana. Auta ta durƙusa, ta kai kunne.

"Me ya ce?" in ji matarsa.

"Ya ce... a binne gatari."

"Wane gatari kuma? Mu ba mu da gatari a gidan nan!"

"Ba gatarin sara ba ne, Gwaggo. Haka suke cewa in ana so a daina gaba. Shi ya koya mana." Ta dube ni. "Da Umma yake."

Na tsaya inda nake, hannu a ƙirji. Ya sake jawo wata maganar, da ƙyar, yawu na zuba. Matarsa ta goge masa.

"Ya ce ruwa ya riga ya wuce ƙarƙashin gada. Wato abin da ya wuce ya wuce."

"A wurinsa ya wuce," na ce. "Ni a kaina gadar ta karye." Na matso bakin gadon. "Tica, an ce kana ji na. Ban zo sauraron karin magana ba. Abu ɗaya nake so. Ka yarda ƙazafi ka yi wa yarinyar nan, ni kuma in yafe maka yanzu-yanzu. Ko kai ka ɗaga."

Ya kalle ni. Ya kalli Auta. Sai ya girgiza kai, a hankali.

"Maman Auta, ki dubi Allah," matarsa ta ce. "Ki dubi halin da yake ciki."

"Na duba. Ga kabari a gabansa, taurin kan na nan." Numfashinsa ya fara sama-sama, kamar ana jan zarto. Na ji tsoro, amma zuciya ta riga ta ɗebe ni. "Tashi mu tafi, Auta."

Ba ta tashi ba.

"Na ce ki tashi!"

"Umma." Kanta na ƙasa. "Takardar tawa ce."

Ban gane ba da farko. Fankar kawai nake ji.

"Ni na rubuta ta, na sa a cikin safa. Ba wadda ta jefo. Da na ga yadda kika yi ranar, sai na kasa faɗa. Kullum in ce gobe."

Na zauna a kan wata kujerar roba. Shekara shida. Mahaifiyar Tica ta rasu ban shiga gaisuwa ba. In na hango shi sai in tsallaka titi. Na hana jikokina karɓar alewarsa.

Na juya wajen matarsa. "Kin sani?"

"Rubutunta ne, ya gane shi tun a ajin. Ya hana ni magana. Ya ce yarinya ce, wata rana za ta faɗa da bakinta."

Na zo da yafiya a hannu kamar mai rabon sadaka, ashe ni ce mabaraciyar. Na sauko daga kujerar, na durƙusa inda Auta take. Harshena ya yi nauyi kamar nasa.

"Tica, ka yafe mini. Na ci mutuncinka a banza."

Ya ɗaga hannun nan, ya shafa iska daga dama zuwa hagu, sau biyu. Ya faɗi kalma uku ko huɗu.

Auta na kuka ta ce, "Ya ce an goge allo."

Daga nan bai ƙara doguwar magana ba. Muka zauna. Rana ta karkata, inuwar taga ta hau bango. Can ya motsa baki yana kallon matarsa, Auta ta sunkuya ta saurara. Kafin yara su taso daga makarantar yamma, numfashin ya tsaya. Ni na rufe masa ido, don matarsa ta kasa.

Maƙwabta suka fara shigowa. Na fito da matar Tica tsakar gida, na zaunar da ita a kan benci. Ta ɗago ta dubi Auta.

"Auta, na ƙarshen nan, me ya ce? Wani karin maganar ne?"

"A'a, Gwaggo. Cewa ya yi tun safe ba ki ci komai ba."

Auta ta shiga kicin ɗinsu, ta fito da shayi da guntun burodi, ta sa mata a hannu. Sannan ta tsaya daga gefe, ta rasa inda za ta sa kanta. Na tattara zanina, na matsa kaɗan. Ta zauna a ƙarshen bencin, kafaɗarta na taɓa tawa, muna kallon tururin shayin yana tashi.