Tambayar da ba a yi wa tsofaffi

Sista ta je kwas ɗin ne kawai don ba a sabunta lasisin aiki sai da shaidar halarta. Ta zauna a layin baya, jakarta a cinya, tana kallon hotunan da malamin ke haskawa a bango: samari masu jajayen idanu a ƙarƙashin gada, kwalabe a warwatse. Darasin shaye-shaye ke nan kamar yadda aka gada.

Ta ɗaga hannu. "Malam, duk 'yan ƙwayan nan naka babu mai furfura?"

Ɗakin ya ɗauki dariya. Malamin, wani likita da bai kai sa'an ɗanta na fari ba, ya kashe na'urar.

"Ni ma gadon hotunan na yi, Sista. Wanda ba a tambaya shi ya fi shiga haɗari. Ku tambayi kowa, kuma shi kaɗai. Wanda jikinsa ya saba da ƙwayar barci, in aka yanke masa ita lokaci guda, yana iya jijjiga, yana iya rasa ransa."

Maganar ta maƙale mata, saboda wata tsohuwa da ke gadon bakin taga a ɗakin mata na asibitin da take aiki. Malamar makaranta ce mai ritaya, ta karye a ƙugu. Tun da aka kwantar da ita ba ta runtsa ba: hannu na rawa, gumi kamar an watsa mata ruwa, tana korar tururuwan da babu su a jikin bargo. An yi mata maganin zazzaɓi, shiru. Likitan ɗaki ya ce ruɗewar tsufa ce. Tsufa dai ba ya musu, duk abin da aka ɗora masa ɗauka yake.

A ɗakin nan kuwa akwai doka, kuma Sista ce mai tsaron ta: duk maganin da majinyaci ya zo da shi daga gida, a ƙulle a leda, a rubuta lambar gado, a jefa a kabad. Ba mai buɗewa.

Da safe ta tarar da ɗan tsohuwar a tsaye a kanta cikin kwat.

"Mama, kin samu barci?"

"Ba ta samu ba," in ji ɗan.

"Ranka ya daɗe, a ba mu wuri."

"Ni fa ɗanta ne."

"Shi ya sa."

Da ya fita, Sista ta ja labule, ta jawo kujera ta zauna. Harshenta ya so ya ce "Ba kya shan komai ko?", irin tambayar da ke zuwa da amsarta a goye. Ta haɗiye.

"Mama, a gida me kike sha kafin barci ya zo?"

Tsohuwa ta zuba mata ido. "'Yar nan, kallon 'yar ƙwaya kike min?"

"Kallon wadda ba ta yi barci ba nake miki."

 

"Wata 'yar fara ce," in ji tsohuwa a hankali. "Likita ya rubuta min da maigidana ya rasu. Ɗaya ce a da. Yanzu..." Ta ɗaga yatsu masu rawa, ta kasa tsayar da su. "Kada yaron nan ya ji. Da ni yake yi wa 'ya'yansa misali."

"Ba daga bakina ba."

Sista ta buɗe kabad, ta kwance ledar tsohuwar, ta ɗauki fakitin ƙwayar barcin ta ajiye a teburin likitan ɗaki.

Ya karanta, ya yi murmushi. "Kwas ɗaya, Sista, kin dawo mana farfesa? So kike mu riƙa ba tsohuwa ƙwaya?"

"Ba mu muka fara mata ba, mu muka yanke mata. A mayar mata, sannan a riƙa ragewa a hankali."

"Akwai masu jirana."

"Ni ce ta farko a layi. Zo ka ga hannunta. In ta jijjiga a kan wannan ƙugun, ba ledar za a tambaya ba."

Ya dube ta, ya ga ba ta da niyyar matsawa daga bakin ƙofa. Ya tashi. A bakin gadon ya riƙe hannun tsohuwar, ya ji bugun jininta, murmushin ya ɓace. Ya zaro biro.

Kafin Sista ta tashi aiki rawar ta lafa, tsohuwa na barci, baki a ɗan buɗe. Ɗan ya tare ta a baranda.

"Me kuka ba ta haka?"

"Maganinta. Sauran bayani in ta farka ka tambaye ta, tana da bakinta."

Ta wuce kabad, ta kwaso sauran ledojin a tire, ta kira ƙananan nas.

"Ku biyo ni. Kowace leda a gaban mai ita za a kwance ta."

"Har ta tsofaffin, Sista?"

"Da su za mu fara."