Shayin Auta

Mai shayi ya buga kwalin maganin a kan kantar kemis har kwalabe suka yi ƙara.

"Jabu kika sayar mini! Ki ji tsoron Allah!"

Ransa a ɓace yake tun safe, da aka kira shi makaranta aka ce 'yarsa Auta ta sake yanke jiki ta faɗi. A asibiti likita ya ja fatar idonta, ciki fari fat, ya ce in jinin bai ƙaru ba sai an yi mata ƙari. Alhali kullum sai ta sha ƙwayar nan ta ƙarin jini, shi da kansa yake ba ta. Mutumin da ko sukari ba ya yarda a auna masa a bayan idonsa, ai ba zai bar wa kowa maganin 'yarsa ba.

Mai kemis ta juya kwalin ta duba. "Maganin nan lafiyarsa ƙalau, Malam. Da me take haɗiya?"

"Da me kuwa? Da shayi! Mai kauri, madara har da ƙari. Wanda nake haɗa mata ko manyan direbobi ba sa samun irinsa."

"In za ta ci abinci fa?"

"Da shi take korawa, safe da yamma."

Matar ta dafe kai. "To ai ga matsalar nan. Shayi da madara suna tare maganin, su hana jiki ɗauka. Da ruwa za ta sha, ko da lemon zaƙi. A ba ta hanta da wake da ganye. Shayin kuma a ja shi nesa da abinci da magani."

"Wato ni ne?" Muryarsa ta hau sama. "Ni nake shanye wa 'yata jini? Shi likitan bakinsa ciwo yake yi da bai faɗa ba?"

Ya fizge kwalin ya fita yana surfa masifa. Ya zagi likita, ya zagi masu yin maganin, har mai babur da ya kusa taka shi ya samu rabonsa.

Ya tarar da Auta ta lafe a kan bencin rumfarsa, ta riga ta zuba wa kanta shayi a kofi tana hurawa. Ya fizge shi ya watsar a kwata.

Ta ɗago a tsorace. "Baba, laifin me na yi?"

Sai ya juya mata baya, ya hau goge teburin da ba shi da datti.