Kwamiti Ya Ce Hannah Ba Gwauruwa Ba Ce

Kwamitin gonar coci ya hana Hannah Ezekiel fili a bana, bayan zama uku da ya yi a kan kalma ɗaya. Mutum huɗu suka ce ita ba gwauruwa ba ce, biyu suka ce gwauruwa ce, na bakwai ya ce haƙori na damunsa, ya tafi gida kafin a ɗaga hannu. An yanke hukuncin ranar Lahadi ta biyu a watan Yuni, bayan an tashi daga sujada, a gindin mangwaron da ke bayan wani coci a Dabai, kusa da Zuru.

Shekarun Hannah hamsin da huɗu. Mijinta Ezekiel tsohon soja ne. Shekara tara ke nan da ya ce zai tafi Fatakwal aikin gadi, zai aiko a ɗauke ta idan ya samu ɗaki. Ya kira sau biyu a shekarar farko, daga nan layinsa ya daina shiga. Bai sake ta ba, ba a kuma ji ya mutu ba. Wani direban tirela ɗan garin Manga ya ce ya gan shi shekara uku da suka wuce, ya yi ƙiba. 'Yarsu ɗaya, Destiny, tana aure a Mahuta.

Duk tsawon wannan lokaci Hannah tana noma gonar gidan mijin. A watan Afrilu ƙanen Ezekiel, Joel, ya karɓe gonar, ya ce 'ya'yansa maza sun girma, kuma ƙasar ta zuriya ce. Cocin kuwa yana da gona da ake yanka wa gwauraye duk damina. Bana an yanka fili goma sha ɗaya, sunayen da ke rubuce goma ne. Hannah ta nemi na ƙarshen don ta shuka dawa. Ba ta da wani wurin.

A gida mutanen nan yarensu na C'lela suke yi. Hausarsu ta coci ce da ta bariki, kuma a bakin masu wa'azi gwauruwa ita ce matar da mijinta ya mutu. Haka shugaban kwamitin, Baba Aaron, tsohon saje, ya san kalmar tun yana yaro. A zaman farko ya buɗe dokar gonar, ya bi layin da yatsa.

"Maman Destiny, ba ƙin ki muka yi ba. An rubuta gwauraye da marayu. Kawo mana takardar mutuwa, gobe ma ki kai fartanya."

"Baba, ina zan samo takardar mutuwar mutumin da ya yi ƙiba?"

"To kin faɗa da bakinki. Yana raye."

"A ina?"

"Wannan ba aikin kwamiti ba ne."

Sakatariyar kwamitin, Malama Peculiar, malamar firamare ce da ta yi karatu shekara huɗu a Sakkwato. Ta ce a wurin Hausawa masu harshen, duk macen da ta taɓa aure kuma babu miji a ɗakinta, gwauruwa ce, ko yana kabari ko yana Fatakwal. Baba Aaron ya ce ya yi shekara talatin yana ba sojoji oda da Hausa, ba yarinyar da aka yi wa baftisma a gabansa ce za ta koya masa ba. Aka ɗage zaman mako guda. A makon aka yi ruwa sau biyu, mutane suka fara shuka.

A zama na biyu Malama Peculiar ta zo da shaida. Hajiya Sa'adiya 'yar Jega ce, tana sayar da manja da daddawa a kasuwar Zuru, kuma shekara ashirin tana sayen ƙalwa a hannun Hannah. Ta tsaya daga wajen katanga, ta ce ba sai ta shigo ba, kunnuwansu na ji daga nan. Baba Aaron ya tambaye ta ma'anar kalmar.

"Mu can gwabruwa muka cewa," in ji ta. "Macen da ba ta da miji ɗaki. Ko ya mutu, ko ya sake ta, duk ɗaya."

"Baba, ka ji ko?" in ji Malama Peculiar.

"Wannan fa, da bai mutu ba, bai kuma sake ta ba?" Baba Aaron ya tambaya.

Hajiya Sa'adiya ta dubi Hannah, ta gyara mayafi. "Ita wagga igiya na wuyanta, mai igiyar ne babu. Da tamu ce, da tuni ta tai wurin alƙali ya warware ta. Ku ba ku da mai warwarewa?"

"Mu ba ma raba aure," in ji Baba Aaron.

"To ku nemo mata mijin."

"Ba aikinmu ba ne."

"Saje, to mi ne aikinku? Ni na bar manja cikin rana."

Kowane ɓangare ya ce shaidar ta goyi bayansa. Aka umarci sakatariya ta rubuta wa Ezekiel wasiƙa ya bayyana matsayinsa. Ta tambayi adireshi, aka ce ta tambayi matarsa. Hannah ta ce abin da ta sani shi ne Fatakwal. Malama Peculiar ta rubuta sunansa da sunan garin a bayan ambulan, ta ba wani direba a tasha.

A zama na uku aka ɗaga hannu. Da aka gama, Baba Aaron ya ce kwamiti zai sa Hannah a addu'a, ya tambaye ta ko tana da magana.

"Ina da ita," in ji Hannah. "Baba, kana cikin samarin da suka taya Ezekiel golmo, noman neman aure, a gonar ubana. Damina bakwai yana noma kafin a ba shi ni. Kai ne mai ɗaukar masa ruwa a shekarar ƙarshe, da ya yanke a ƙafa. Ban ji ranar nan kun ce ba aikinku ba ne."

Baba Aaron ya ce a rubuta cewa an saurare ta. Aka rufe da addu'a.

Ranar Talata Malama Peculiar ta je gidan Hannah da takardar hukuncin, ba ta same ta ba. Maƙwabta suka nuna mata tudun da ke bayan gonar coci, wurin da ba a taɓa nomawa ba saboda duwatsu. A can ta iske ta tana jera duwatsu layi-layi a jikin gangaren, tana tara ƙasa a bayansu, irin yadda tsofaffi suke yi a kan tudu kafin mutane su sauko fili. Daga wurin ana hangen fili na goma sha ɗaya, ciyawa ta fara rufe shi.

"Mama, wannan aikin zai kashe ki."

"Sai ku rubuta Ezekiel a gwauraye."

"Ni ba wasa nake yi ba. Kwana biyu ban ci abincin kirki ba don haushi. Ke ba ki jin haushi ne?"

"Wa ya gaya miki? Riƙe mini wancan dutsen." Hannah ta tura ƙasa da fartanya. "Tun asuba nake faɗa. Na ce wa Ubangiji, kai ka halicci Aaron, kai ka san abin da ka zuba masa a kai. Na ce miji ya tafi, ƙanen miji ya ƙwace gona, yanzu kuma gidanka ya ce bai san sunan da zai kira ni ba. Na faɗa masa har da abin da ba a faɗa a coci."

"Me ya ce?"

"Bai ce komai ba. Amma shi kaɗai ne nake yi wa faɗa da safe in same shi da yamma yana nan. Shekara tara, 'yata. Rumbuna bai taɓa kaiwa ƙasa ba kafin sabuwar dawa ta shigo. Shekarar da taifot ya kwantar da ni, ina asibiti aka girbe mini."

"Matan zumuntar coci ne suka girbe miki, Mama. Ina cikinsu."

"Wa ya tashe ku?"

Malama Peculiar ta buɗe jakarta. Ta miƙa takardar. Hannah ta ce ta ajiye ta a ƙarƙashin goran ruwa kada iska ta ɗauke, sannan ta tambaye ta ko ta iya shuka da diddige, ko a Sakkwato sun mantar da ita. Malamar ta cire takalmi. Suka shuka layi huɗu kafin rana ta take.

A cikin kwana goma Hannah ta jera layi goma sha huɗu. Ko rabin fili na goma sha ɗaya ba su kai ba, kuma ita da kanta ta ce ko sun yi kyau ba za su kai ta wata shida ba. Hajiya Sa'adiya ta aiko mata da irin wake ta sa a tsakanin dawar. Joel ya wuce sau ɗaya a kan babur, ya rage gudu, bai tsaya ba. Direban da aka ba wasiƙar ya dawo da ita, ya ce ya tambaya a tasha biyu, an yi masa dariya.

Dawar ta tsiro a makon ƙarshe na Yuni. A Lahadin da ta biyo baya wani daga cikin dattawan ya ce, a iya tunawarsa, iyakar gonar coci ta haɗa da tudun. Baba Aaron ya ce idan haka ne, dokar gonar ta hau kan tudun, gwauraye da marayu kaɗai za su noma shi. Takardar da ke nuna iyakar gonar tana wurin tsohon fasto, wanda ya yi ritaya ya koma ƙauyensu, kuma ba a same shi a waya ba. An sa zama na huɗu ranar ashirin ga Yuli.