Surukai a Gasar Harbi

A Wara kowa ya san Illo Sarkin Baka bai taɓa kuskure harbi ba. Ni taubashiyarsa ce, na koyar da lissafi har na yi ritaya, kuma har yau ban haɗu da wanda ya ga harbin nan da idonsa ba.

Sai ga Sule, tsohon soja mai koyar da wasan harbi, ya kawo gasa bakin ruwa. Bindigoginsa sirara, harsashin bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ya ce Turawa sun ƙirƙiro wasan don koyon nutsuwa. Ni dai ina zargin ƙarar babbar bindiga ce ta ishe su. Aka ba ni aikin duba takardar da ake harbi.

Illo ya ce shi sai da zakara zai kara. Zakaran ya fito, ashe Lukman ne, mijin ɗiyarsa Hansatu. Gari ya taru. In Illo ya faɗi yau, sunan ya tafi.

"Zagayen ƙarshe rub da ciki ake yi," in ji Sule.

"Mi kac ce? In kwanta gaban surukina?"

"Ka ce tsoro kake ji mana, bawana," na ce.

Ya harare ni, ya kwanta. Tumbi ya ɗaga shi kamar kwalekwalen da aka jawo tudu.

Nan Lukman ya shiga uku. Tun da ya yi aure kansa bai taɓa yin daidai da na surukinsa ba, ga tsoho kuma a ƙasa. Ya durƙusa, ya fi shi tsawo. Ya kwanta, sun yi kai ɗaya. Sai ya hau tonon yashi da hannu.

"Lukman, gasa ka zo ko ginin rijiya?" na ce.

"Inna, ki bar ni. Gida zan koma hwa."

Ya nutse har ruwa ya tsattsafo ƙarƙashinsa. Harsasansa duka suka shige tudun yashin da ya tara gaban hancinsa. Na Illo suka tafi gaishe da kifi, ban da guda da ya gutsuri gefen takarda.

Na ɗaga takardar. Aka ɓarke da guɗa, maroƙi ya kama kirari.

Illo ya yafito ni, ya yi ƙasa da murya.

"Ke, ɗaga ni. Baya ya riƙe."

"In kira surukinka?"

"Kul!"

A kwance ya karɓi kofinsa. Lukman kuwa yana rami yana jiran a tashi.